Sabarar da Na Kai Maleshiya

Ranar da na sauka Maleshiya, ni aka bari na wuce, kayana aka tsare. Wani jami'in filin jirgi mai siririn gashin baki ya zuge jakata, ya ciro wani ƙunshin leda cike da koren gari, ya ɗaga shi sama yana kallona. Ya ce mene ne wannan? Na ce garin ganyen sabara ne. Ya ce mece ce sabara? To ka ji fa. Ni da na tashi a Roni, inda sabara ta fi mutanen gari yawa, sai ga ni a tsaye ina in-ina, na rasa ta inda zan fara. Na faɗa masa sunanta na masana, na miƙa masa takardar izinin shigo da ita. Ya karanta ya kira wata, ita ma ta karanta ta kira wani. Ƙarshe suka ce in tafi, idan sun gama bincike za su aika wa jami'a. Na fito ina waige, don wannan ƙunshin shi ne dalilin zuwana ƙasar gaba ɗaya.

Sunana Rabi, likitar dabbobi ce ni, a Kazaure nake aiki. Gwaggo Hansai, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Duk shekara idan cutar farin kashi ta shigo unguwarmu takan share 'yan tsaki kamar an bi su da tsintsiya, amma na Gwaggo yawanci sukan sha. Abin da na ga tana yi shi ne jiƙa musu ganyen sabara a kaskon ruwansu. Da na samu gurbin ƙaro karatu, sai na ce wannan zan bincika: shin sabara kashe ƙwayar cutar take yi, ko kuwa garkuwar jikin kazar take tayarwa har ta iya kare kanta? Da hannuna na tsinko ganyen a bayan gari ta hanyar Gwiwa, na kai samfuri Kano masana tsirrai suka tabbatar sabara ce, na shanya sauran a inuwar rumfar Gwaggo. Daga nan zirga-zirgar biza ta ɗauke ni. Da na dawo na tarar an daka, an tankaɗe, an ƙulle mini tsaf. Na yi godiya na jefa a jaka.

Baƙo ko da ido makaho ne. Tun ina gida wani ɗan ƙasarmu da ke zaune a can ya ce ya kama mini ɗaki, na tura masa kuɗin haya, yana ta ce mini 'yar'uwa. Da na isa gidan sai na tarar da wasu 'yan mata biyu a ɗakin, su ma shi ya kama musu, kuma su ma 'yan'uwansa ne. Wayarsa ba ta sake shiga ba. Har yau idan na tuna mutumin nan raina yana ɓaci, ba don kuɗin ba ma, don sallamar da yake cika baki da ita. Na yi 'yan kwanaki ina raɓe a ɗakin baƙin jami'a, ina cin shinkafa safe da rana da dare, miyarsu kuwa har sukari ake sa mata. Ruwan sama kullum bayan azahar sai ya sauko. Ga masallatai ko'ina, ga kiran salla irin namu, amma idan an idar aka juyo ana hira ba na tsintar ko kalma. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har sai da na ji kunyar kaina.

Malamar da ke duba aikina, Farfesa Nuraini, 'yar gajeruwar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya fara ɗaure mini kai game da ita shi ne murmushinta iri ɗaya ne, ko ta ji daɗi ko ranta ya ɓaci. Ba ta cewa a'a, sai dai ta ce, "Za mu duba." Na daɗe kafin na gane cewa za mu duba ɗin nan wani lokaci ƙi ne, wani lokaci kuma da gaske dubawar za a yi. Mai kula da ɗakin kajin gwaji kuwa wani dattijo ne ɗan asalin Sin, Mista Lim. Shi ya gan ni ina gyangyaɗi a kan benci, ya tambaye ni ina nake kwana. Washegari ya kai ni gidan wata maƙwabciyarsa da mijinta ya rasu, ta ba ni ɗaki da rahusa. Kusan kullum kuma sai na tarar da lemo ɗaya a kan teburina, bai taɓa cewa shi ne ba.

Da ƙunshina ya iso daga filin jirgi na shiga aiki. Na jiƙa garin a sinadari, na tace, na busar da ruwan har ya koma wani baƙin ƙulli mai danƙo. Gwajin farko a faranti ake yi: a shuka ƙwayar cutar, a ɗiga maganin, a ga ko zai hana ta yaɗuwa. Bai hana ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na tsaya riƙe da farantin ina tunanin na ƙetaro teku da ganyen da awaki ma sai sun rasa abin ci suke kula shi. Farfesa ta duba ta yi murmushin nan nata, ta ce mu gwada a jikin kaji tukuna.

Aka raba 'yan tsaki gida-gida. Wasu ana sa musu maganin a ruwan sha, wasu ruwa zalla, daga baya aka sa wa dukkansu cutar. Masu shan ruwa zalla suka fara takurewa, fukafukai a sake, suna mutuwa. Masu shan maganin suka yi ɗan lanƙwasa na kwana biyu, sannan suka miƙe suna rububin abinci. Da muka ɗebi jininsu muka auna, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sun ƙaru sosai, haka ma sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa. Wato maganin ba kashe cutar yake yi da kansa ba, jikin kazar yake tasa tsaye. Muka maimaita, aka sake samun haka. Ranar na ga haƙoran Farfesa. Ta kai labarin wani taron masana da sunana a jiki, ta fara neman tallafin faɗaɗa aikin. Ni kuwa har tafiyata ta canja.

Ana cikin haka garin sabarar ya tasam ma ƙarewa. Na kira ƙanena Sabi'u na kwatanta masa daidai wurin da na tsinko na farko. Ya tsinko, ya shanya a inuwa, ya kai inji a Kazaure aka niƙa, ya aiko. Na bi duk matakan da na bi a baya, ban tsallake ko ɗaya ba. 'Yan tsakin da suka sha sabon maganin suka mutu tare da masu shan ruwa zalla, jininsu kuma bai nuna wani abin kirki ba.

Na ce kuskurena ne, na sake. Haka. Na ce ai na farko da kaka na tsinko shi, wannan kuwa da bazara, na jira kaka ta zagayo Sabi'u ya sake aikowa. Haka. Na ce zafin inji ne ya ƙona shi, na sa ya ba matarsa ta daka a turmi. Na zargi sinadarin, na zargi ruwan famfo, har 'yan tsakin na zarga, na ce wa Mista Lim ko an canja gonar da ake sayo su. Ya girgiza kai kawai ya ci gaba da kwashe gawarwaki. Kowane zagaye watanni yake ci, kwanakin tallafin karatuna kuma suna ta zagwanyewa. Nakan zauna in zuba wa garin ido, in shinshina, in ɗanɗana. Sabara ce, wallahi sabara ce. To me ya same ta?

Sai na lura an fara yin shiru idan na shigo ɗakin gwaji. Farfesa ta ba wani ɗalibi aikina ya maimaita ba tare da ni ba, shi ma bai samu komai ba. Wata safiya katina na shiga ya ƙi buɗe ƙofar ɗakin kaji. Da na je ofishinta ta rufe ƙofa, ta ce, "Rabi, ki faɗa mini gaskiya tun muna mu biyu. Sakamakon farko, kin samu ne ko kin rubuta ne?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. A gidanmu ko goro ka ɗauka ba izini sai an ji, yau ga ni ana tambayata ko na ƙirƙiri ƙarya da sunan ilimi. Ta ce kwamiti zai zauna. Idan aka tabbatar ƙirƙira ce, korata za a yi, a rubuta wa ma'aikatarmu, ita ma sunanta ya ɓaci tunda ta tsaya gaban jama'a ta faɗa. Na rantse mata, ta yi murmushi ta ce za mu duba.

Allah ya sa ban yar da ledar farko ba, akwai ɗan guntun gari da ya maƙale a kusurwarta, bai fi cikin cokali uku ba. Na kai mata na ce a gwada shi da sabon. Akwai wata na'ura da ke zana sinadaran da ke cikin ganye, kowane sinadari ya fito kamar tudu a kan layi. Na Sabi'u ya zana tuddansa daidai da na sabara. Na farko ya zana waɗannan, ya ƙara wasu birjik a tsakaninsu, har da wani dogo guda da ya fi kowanne tsayi. Farfesa ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Wannan ba ganye ɗaya ba ne. Me kika zuba a ciki?" Daga zargin ƙarya na koma zargin algus. Aka duba ko maganin asibiti na barbaɗa, ba a samu ba. Ni dai abin da na sani, ni na tsinko ganyen nan da hannuna.

Da la'asar ɗin can, lokacin hantsi ya yi a gida, na kira Gwaggo. Sai da muka gaisa, ta tambayi karatu, ta tambayi ruwa, ta ba ni labarin tunkiyarta da ta haifi biyu, sannan na samu na sako maganar.

"Gwaggo, garin sabarar nan da kuka daka mini, wa ya daka?"

"Ai gayya muka yi. Matan unguwa duk sun shigo. Wani abu ne?"

"Sabarar ce kaɗai a ciki?"

Ta yi 'yar dariya. "Ke Rabi, yanzu a ce 'yata za ta ƙasar wasu a gwada maganinmu, in bar ta ta tafi da sabara tsurarta? Ai sai a ce ba mu da gata. Ni ma da nake ba kajina ai da mahaɗi nake ba su. Na jefa miki 'yar bagaruwa."

Na ce, "Ke kaɗai, Gwaggo?"

"Ina fa. Kowa ya ji sai ya ce nasa ma a tafi da shi. Hajiya Uwale ta kawo marke. Matar liman ta kawo ɗoɗɗoya, ina jin har da kalgo, ko kalgon na maƙwabciyarta ne oho. Iya Tabawa ma ta lallaɓo da sandarta, ta kwance nata daga gefen zani ta juye a turmi, ta sa miki albarka."

"To me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Guzuri ne fa. Ana yi wa matafiyi guzuri a tsaya yi masa lissafi? Ai gori ke nan."

"Kamar yaya kowa ya zuba?"

"Ɗan haka dai," in ji Gwaggo.

Na san hannu take nuna mini, ni kuma ina wata duniyar riƙe da waya. Na so in yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Wa zan yi wa? Matan da suka bar aikinsu suka zo suka yi mini daka? An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, ni dai a kaina karin maganar ya ƙi ci. Na ce mata na gode, ta ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Tsayuwata gaban kwamiti ita ce mafi wuya a duk zamana a ƙasar. Mutum biyar a jere, ni ina ƙoƙarin bayyana musu da Turanci abin da ake nufi da gayya da guzuri da mahaɗi. Wani ya tambaye ni ko matan suna da izinin taɓa samfurin bincike. Wata ta ce ko za a iya samun rubutaccen bayani daga gare su, da sa hannu. Ɗaya ya kasa riƙe dariyarsa ya koma tari. Farfesa ba ta yi dariya ba, kuma a karon farko ba ta yi murmushi ba. Ta ce musu kakarta ma a ƙauye da haka za ta yi. Aka wanke ni daga ƙarya, amma aka soke sakamakon farko kaf, tunda ba wanda zai iya cewa ga abin da kajin suka sha. Aikin fiye da shekara ya bi ruwa. Na fito ban san ko murna zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun a bayan ɗakin kaji.

Farfesa ta ce saura dama ɗaya kafin lokacina ya ƙare. A samo kowane ganye daban, a zana tuddansa, a gano wanda ya yi aikin. Sabi'u ya bi gida-gida, ya sha tambaya da tsiya, wata ma ta ce ita ta manta ko ta zuba ko niyya kawai ta yi. Ƙananan ƙunshi suka iso, kowanne da sunan mai shi. Bagaruwa ta ɗauki tuddanta, marke ya ɗauki nasa, ɗoɗɗoya da kalgo suka kwashe saura. Dogon nan ne kawai ba wanda ya ɗauka. Na gwada su ɗaya-ɗaya a kaji, na haɗa biyu, na haɗa duka. Sabara da marke sun ɗan motsa garkuwar jiki, an samu ragin mace-mace kaɗan, amma ko kusa da na farko ba su je ba. Ban sani ba ko dogon tudun ne mai aikin, ko haɗuwarsu ce a wani ma'auni da hannun matan ya faɗa kai bisa sa'a. Abin da na sani, a cikin ƙunshin da Sabi'u ya aiko babu na Iya Tabawa.

Na tambaye shi, ya ce in tambayi Gwaggo. Na kira ta.

"Gwaggo, na Iya Tabawa ne bai zo ba. A taimaka a je a roƙe ta, ko suna ne ta faɗa."

Ta ce, "Rabi, sai haƙuri. Iya ta riga mu gidan gaskiya tun farkon damina."

"Tun damina? Gwaggo, sau nawa muka yi waya daga damina zuwa yau?"

"Mun ce kada a tayar miki da hankali kina karatu. Wanda ke nesa ba a aika masa irin wannan, sai ya dawo."

Na yi salati na zauna a kan matakala. Tsohuwar nan ita ke ba mu magarya muna yara, ita ta yi mini kitson sallar farko da nake iya tunawa. Na yi mata kuka, kuma ba zan ɓoye ba, cikin kukan akwai na dogon tudun nan, har na rasa wanne ne ya fi yawa. Abin ya dame ni ƙwarai.

Da abin da ya samu na rubuta kundina: sabara da marke suna ɗan taimaka wa garkuwar 'yan tsaki, ana buƙatar ƙarin bincike. Gaskiya ce tsurarta, ba ta da armashi, amma ta fitar da ni. Guntun garin farko kuwa gwaje-gwaje sun cinye shi. Ranar da zan taho Mista Lim ya rako ni har tashar jirgin ƙasa da ledar lemo, wannan karon a hannunsa.

Da na iso Roni mata suka cika gidan Gwaggo da sannu da zuwa. Kowace ta gama gaisuwa sai ta matso ta rage murya ta ce, "To likita, nawa ya yi aiki ko?" Hajiya Uwale kaɗai na iya amsa wa da e. Washegari na tafi gidan Iya Tabawa yin ta'aziyya. 'Yarta Lami ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin marigayiyar, wanda yanzu aka mai da shi wurin ajiye hatsi. Bayan mun yi addu'a na tambaye ta ko ta san ganyen da Iya ta kai gidanmu ranar daka.

Ta ce, "Wallahi Anti Rabi, Iya ba ta zuwa jeji da kowa. Takan ce sai mun natsu za ta nuna mana, mu kuma muna ganin akwai lokaci."

"Ba ta bar komai a ɗakin ba?"

"Ta bari mana. Ƙulle-ƙulle ne fal a rataye, wasu a tsumma wasu a leda. Ba wanda ya san na mene ne, muka ji tsoron kada yara su ci. Da su muka riƙa hura wuta ranar sadakar arba'in."

Na kalli murhun da ke tsakar gidan, an share shi tas, an kife tukunya a kai. Don dai kada in tashi hannu rabbana, na tambaye ta ko ta tuna yadda hayaƙin yake wari, ko ɗaci-ɗaci ko ƙamshi. Lami ta shiga tunani da gaske, tana son ta taimake ni. Can ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ni dai ƙamshin ɗakin Iya na ji."